Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ɗaukar Nauyin Shirye-shiryen Wayar Da Kai

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyi, gidauniyoyi da hukumomin da ke zuba kuɗi a wasannin kwaikwayo, finafinai da shirye-shiryen rediyo domin gyaran al'umma.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ni marubucin wasan kwaikwayo ne na rediyo, kuma da kuɗin irinku aka yi wani ɓangare na abin da na rubuta a rayuwata. Saboda haka ba da gaba na zo muku ba. Abin da kuka yarda da shi ni ma na yarda da shi: labari yana iya sa uwa ta kai ɗanta asibiti tun ciwo bai yi nisa ba, yana iya sa maƙwabci ya fito ya tsaya a ƙofar gidan da ake dukan mace, yana iya sa majalisa ta gyara zaluncin da ta yi shekaru tana kawar da kai daga gare shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda da yawa daga cikinku kuke ba da wannan aiki. Labari kuke saya, amma kafin ya kai kunnen jama'a kun mayar da shi sanarwa.

Ga yadda abin yake faruwa a teburin rubutu. Marubuci ya tsara wata mata da ta farka tsakar dare ta ji jikin jaririnta ya yi zafi. Ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta janye, ta sake ɗorawa. Mijinta yana barci a gefe, tana kallonsa tana shawara da zuciyarta ko ta tashe shi, domin wancan karon da ta tashe shi faɗa ya yi mata, ya ce ta cika ɗaga hankali. Ta kira sunansa a hankali, bai motsa ba. Duk macen da ta taɓa raino ta san wannan dare, duk namijin da ya taɓa juya baya ya ci gaba da barci zai ji an taɓa shi. Sai a aika rubutun ofishin masu ba da kuɗi, ya dawo da gyara da jan biro: a sa matar ta lissafa alamomin haɗari guda uku, ta ambaci sunan shirin, ta faɗi awa nawa ya kamata a kai yaro asibiti. Ranar ɗaukar murya, jarumar da muryarta ke rawa sai ta tsaya cak ta karanto darasi. Mai sauraro ba yaro ba ne. A wannan daƙiƙar ya gane an daina ba shi labari an fara yi masa talla, kuma zuciyar da ta buɗe ta rufe. Saƙon ya shiga rubutu, ya shiga rahoton da za a kai muku, amma bai shiga mutum ba.

Abin takaicin shi ne, tarihin wannan aiki ya riga ya nuna ba haka yake ci ba. A 1969 aka fara nuna wani wasa mai dogon zango a talabijin ɗin ƙasar Peru mai suna Simplemente María, labarin wata 'yar ƙauye da ta zo birni aikatau, ta shiga ajin yaƙi da jahilci da dare, ta koyi ɗinki a keken Singer, har ta zama babbar mai tsara tufafi. Ba wata ƙungiya da ta rubuta wa masu wasan jerin saƙonni. Neman kuɗi da masu kallo suka fito yi. Amma 'yan aikatau suka riƙa tururuwa zuwa azuzuwan karatu da na ɗinki, cinikin keken ɗinki ya tashi. Wannan ne ya ja hankalin Miguel Sabido na gidan talabijin ɗin Televisa a Meksiko, ya zauna ya yi nazarin dalili, ya haɗa da binciken masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura kan yadda mutum ke koyo ta hanyar kallon wani. Abin da ya fito da shi bai da wuyar faɗa. Wasa yana buƙatar mutumin kirki, yana buƙatar mutumin banza, amma wanda ya fi kowa muhimmanci shi ne na tsakiya, mai shakka, wanda yake son ya canza amma yana tsoro, ya gwada ya faɗi, ya koma gidan jiya, sannan ya sake tashi. Shi ne mai kallo yake ganin kansa a jikinsa. To wannan na tsakiyar shi kuke fara yankewa, domin kuna tsoron a ji jarumin shirinku yana shakkar allurar rigakafi ko yana kare auren wuri na tsawon makonni kafin ya dawo hanya. Kuna so ya gane gaskiya a kashi na biyu. Wa kuka taɓa gani ya bar abin da ya gada daga iyayensa cikin mako biyu?

Mugun ma ba ku barinsa ya zama mutum. A 1993 Rediyon Tanzaniya ya fara wasan Twende na Wakati, wanda babban abin jan hankalinsa wani direban babbar mota ne mai suna Mkwaju, mashayi, mai neman mata a kowane zango, mai wulaƙanta matarsa Tunu. Marubutan ba su yi gaggawar hukunta shi ba. Sun bar shi ya yi tashensa, masu sauraro suka saba da muryarsa, suka yi ta jayayya a kansa, kafin cutar ƙanjamau ta kama shi a hankali, ita kuwa Tunu ta samu ƙarfin tsayawa da ƙafarta. An kuma yi dabarar hana watsa wasan a yankin Dodoma na shekara biyun farko domin a samu abin kwatantawa, binciken ya nuna bambanci a neman tazarar haihuwa da kare kai daga ƙanjamau tsakanin inda aka ji da inda ba a ji ba. Da Mkwaju ya zo teburin wasu daga cikinku yau, ina jin da ba zai wuce kashi na uku ba an ce a gyara masa hali.

Akwai abin da na fi so ku tsaya ku duba da kyau, domin shi ne ya canza mini fahimtar sana'ata. Shekara goma bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda, a 2004, ƙungiyar Radio La Benevolencija ta fara wasan Musekeweya, labarin ƙauyuka biyu na ƙirƙira, Bumanzi da Muhumuro, masu rikici kan ƙasar noma, da saurayi da budurwa da suka fito daga ɓangarorin biyu. Wata mai bincike, Elizabeth Levy Paluck, ta shafe shekara guda tana bin rukunonin masu sauraro: wasu suna jin wannan wasa, wasu suna jin wani wasan daban kan kiwon lafiya. Sakamakon da ta wallafa a 2009 ya ba mutane mamaki. Abin da masu sauraro suka yi imani da shi a zuciyarsu game da musabbabin tashin hankali kusan bai motsa ba. Abin da ya motsa shi ne tunaninsu kan abin da jama'a ke ɗauka daidai ne: ko ya halatta ɗanka ya auri 'yar wancan ɓangare, ko mutum zai iya miƙewa cikin taro ya ce bai yarda ba, ko ana iya faɗin ciwon da ke rai a gaban mutane. Kuma halinsu ya bi wannan tunani, ba abin da suka yi imani da shi ba.

Ku dubi abin da wannan yake nufi. Sau da yawa mutum ya riga ya san abin da yake daidai, abin da ya hana shi aikatawa shi ne zaton cewa shi kaɗai ne. Matar da ake duka ta san ana zaluntarta. Maƙwabcinta ma ya sani, yana jin kukanta ta katanga, amma yana ganin duk unguwa ta ɗauki abin a matsayin sha'anin cikin gida. Ilimi bai rage masa ba, abokin tsayawa ya rasa. Labari mai kyau yana sa mutane goma su ji abu ɗaya a lokaci ɗaya, kowa ya ga fuskar ɗan'uwansa, wani ya yi tsaki, wata ta ce wallahi wannan mutumin azzalumi ne, sai kowa ya gano ashe ba shi kaɗai yake jin haka ba.

Masu shirin Soul City na Afirka ta Kudu sun fahimci wannan sarai. A zangon shirin na 1999 sun ɗauki matsalar dukan mata. Bincikensu ya nuna musu maƙwabta suna son taimakawa amma ba su san ta yaya ba, domin shiga tsakanin miji da mata abu ne mai nauyi. Sai suka rubuta wani fage: Thabang yana dukan matarsa Matlakala a cikin gida, maƙwabta suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa da tukunya a hannu, suka tsaya a waje suna bugawa. Ba wanda ya fasa ƙofa, ba wanda ya yi wa'azi. Ƙarar tukwanen ce kawai take gaya masa cewa mun ji, mun sani, kuma ba mu yarda ba. Bayan an nuna wannan, an samu rahotannin unguwannin da mutane suka yi hakan da gaske. Marubutan sun ba jama'a wani abu da hannu zai iya yi, wanda bai fi ƙarfin mai tsoro ba. Irin wannan dabara ba ta fitowa daga jerin saƙonnin da aka rubuta a ofis. Tana fitowa ne daga watannin da aka shafe ana zama da mutane ana sauraronsu kafin a rubuta kalma ɗaya, kuma wannan zaman shi ne abu na farko da ake sokewa idan kasafi ya matse.

Wani abin da Soul City ta yi shi ne ta tanadi inda mutum zai nufa bayan an kashe talabijin. Ta haɗa kai da gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da cin zarafin mata aka buɗe layin waya na neman agaji, aka kuma matsa wa gwamnati lamba ta fara aiki da dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 1998, wadda aka sa wa hannu amma aka bar ta a takarda. A ƙarshen 1999 ta fara aiki. Shi ma Sabido, wasansa na 1975 mai suna Ven Conmigo an ɗaura shi ne a kan shirin gwamnati na karatun manya, da littattafai a ajiye da wuraren karɓa, kuma dubban ɗaruruwan mutane suka yi rajista. Ina roƙonku ku riƙe wannan da muhimmanci. Idan wasa ya sa mace ta yi ta maza ta tafi ofishin 'yan sanda aka kore ta, ko uwa ta ɗauki ɗa ta yi tafiya mai nisa ta tarar da asibiti a rufe, ba a bar ta inda take ba, an mayar da ita baya. Gobe ko gaskiya aka gaya mata a rediyo ba za ta motsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku biya mu kuɗin tayar da mutane, ku tabbata akwai ƙofar da za ta buɗe musu.

Na san misalin da ake yawan kawowa yanzu shi ne na Birtaniya. A farkon Janairun 2024 tashar ITV ta nuna wasa mai kashi huɗu kan masu kula da ƙananan gidajen waya da aka zarga da sata, alhali manhajar lissafi mai suna Horizon ce take nuna giɓin kuɗin da babu shi. Mutum sama da 900 aka samu da laifi tsakanin 1999 da 2015, wasu suka yi zaman kurkuku, wasu suka rasa gidajensu. Ranar 10 ga watan, Firayim Ministan lokacin, Rishi Sunak, ya sanar da cewa za a yi dokar wanke su, kuma aka yi ta a watan Mayu. Mai kallo daga nesa zai ce dare huɗu sun yi abin da shekara ashirin ba su yi ba. Amma mujallar Computer Weekly ta fara tono maganar tun 2009, Alan Bates, wani tsohon mai kula da gidan waya, ya jagoranci mutum 555 suka kai ƙara babbar kotu suka yi nasara a 2019, an kafa kwamitin bincike, shaidu suna nan a rubuce. Wasan ya zo ya tarar da komai a shirye, ya sa miliyoyin mutane suka ga fuskar wanda aka zalunta suka ji zafinsa a lokaci ɗaya. Da babu waɗancan shekaru na wahala, da fushin ya tashi ya kwanta ba tare da ya samu abin kamawa ba. Saboda haka kada ku janye kuɗi daga lauyoyi da 'yan jarida masu bincike da ƙungiyoyin waɗanda abin ya shafa ku zuba a fim kuna zaton gajeriyar hanya ce.

Sai maganar lokaci, wadda ba sai na tsawaita ba. Shirin The Archers na BBC, wanda aka fara watsa wa ƙasa baki ɗaya a 1951 domin a isar wa manoma dabarun noma bayan yaƙin duniya, har yau ana yinsa. Musekeweya ya yi shekaru yana tafiya. Mu kuwa ana ba mu kwangilar wata shida, a daidai lokacin da masu sauraro suka fara kiran jaruman da sunayensu kamar 'yan'uwa, sai kuɗi ya ƙare, a rufe, a buɗe sabon shiri da sabon suna domin sabon mai ba da tallafi yana son tambarinsa. Amanar da aka tara ta zube.

Game da awo, ina da ƙorafi mai nauyi. Rahotannin da ake kai muku cike suke da adadin waɗanda suka kalla, suka danna, suka tura wa wasu. Wannan lissafi yana da daɗin karantawa amma ba ya gaya muku ko wani abu ya canza. A Maris na 2012 bidiyon Kony 2012 ya samu kallo miliyan 100 cikin kwana shida, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Amma Joseph Kony, madugun 'yan tawayen da bidiyon ke neman a kama, ya riga ya bar Yuganda shekaru kafin nan, kuma da aka haska bidiyon a garin Lira na arewacin ƙasar, a gaban mutanen da mayaƙansa suka yi wa ɓarna, ransu ya ɓaci har aka yi jifa, aka dakatar da nunin. Sun ga an ɗauki azabarsu an ba da labarin wasu. Har yau ba a kama Kony ba.

Ku kwatanta da abin da ƙungiyar Development Media International ta yi a Burkina Faso daga 2012 zuwa 2015. Ta ɗauki gidajen rediyo 14, aka watsa shirye-shiryen lafiyar yara a bakwai, aka bar bakwai. Sakamakon ya nuna ƙaruwar kai yara asibiti saboda zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu, amma binciken bai iya nuna raguwar mace-macen yara kai tsaye ba, wanda shi ne babban abin da aka sa gaba. Suka wallafa duka biyun. Wannan gaskiya ta fi mini rahoto ɗari masu cewa komai ya yi kyau, domin daga ita ake koyo. Amma ƙungiya ba za ta faɗi inda ta gaza ba muddin ta san faɗin zai sa ku yanke mata tallafi. Ku ne kuke da ikon sauya wannan.

Kuma awo na gaskiya wajibi ne saboda labari yana iya cutarwa, ko da niyya ta gari aka yi shi. Ita dai Paluck ta sake yin bincike a gabashin Kongo, inda aka haɗa wasan rediyo da shirin tattaunawa mai ƙarfafa masu sauraro su yi muhawara su sa kansu a matsayin abokan gaba. Waɗanda suka ji shirin tattaunawar sun fi yin magana, amma sun fito da ƙarin ƙyamar juna, sun fi tuna laifin da aka yi musu, sun fi ƙin taimaka wa ɓangaren da ba sa so. Da ba a auna ba, da an rubuta cewa an yi nasara domin jama'a sun tattauna. Kada kuma mu manta cewa a Ruwandan da aka yi Musekeweya, a can gidan rediyon RTLM ya yi amfani da kiɗa da barkwanci da hira mai daɗi ya zuga kisan 1994, har kotun duniya ta hukunta Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, a 2003. Kayan aikinmu ɗaya ne da nasu. Wanda ya riƙe irin wannan abu ba shi da hurumin cewa ai niyyata mai kyau ce ya tsaya a nan.

Akwai kuma mutanen da ake ɗaukar labarinsu na gaskiya. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, uban da ya binne 'ya'yansa a sansanin gudun hijira, matar da ke ɗauke da cutar da take ɓoyewa. Ana zuwa da kyamara da takardar amincewa a harshen da ba ta karantawa, ta dangwala yatsa, ta yi kuka, a ɗauka, a tafi. Fuskarta ta zagaya duniya a intanet, ana tara kuɗi da ita a manyan taruka, ita kuwa tana nan inda aka bar ta, sai dai yanzu maƙwabtanta sun san sirrinta. Wanda yake jiran taimako daga hannunka ba ya iya ce maka a'a, don haka amincewarsa ba cikakkiya ba ce sai an yi ƙoƙari na musamman. A gaya mata a harshenta inda hoton zai je da wanda zai gani. A nuna mata abin da aka haɗa kafin a sake shi. A ba ta damar janyewa ko bayan shekara, a kuma ba ta hanyar da za ta same ku idan ta so hakan. In labarinta ya kawo kuɗi, ta ga amfaninsa. Mafi kyau ma, a koya wa mutanen wurin riƙe kyamara da rubuta wasa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da zai zaɓa ya nuna ba lallai ya zama hawaye ba.

Abin da nake roƙo a aikace ga shi. Ku kawo marubuci tun ranar da ake tsara aiki, ba bayan an gama yanke komai a ce ya zo ya yi ado ba. Ku gaya masa abu ɗaya ko biyu da kuke so su canza, likitanku ko lauyanku ya duba kada a faɗi kuskure, sauran ku bar masa. Ku sa kuɗin zama da jama'a da na gwada rubutu a gabansu a cikin kasafi, a matsayin abin da ba a taɓawa. Ku biya marubuta da 'yan wasa da masu haɗa sauti kamar yadda kuke biyan masu ba da shawara, domin a hannunsu nasarar aikin take, kuma su ne aka fi matse wa. Idan za ku iya ɗaukar nauyin shiri ɗaya na shekara biyar ko shirye-shirye goma na wata shida, ku ɗauki ɗayan. Sannan ku rubuta a cikin yarjejeniya cewa za a wallafa sakamakon awo ko ya yi daɗi ko bai yi ba, kuma ba za a hukunta ƙungiyar da ta kawo labarin gazawarta da kanta ba.

Mu marubuta a shirye muke mu zauna da ku kan waɗannan, mu kuma ji namu laifin daga bakinku, domin akwai rubutun da ya mutu tun kafin ya zo ofishinku. Ku kira mu kafin zagayen tallafi na gaba.

Wassalam.

Naku,
Wani marubucin wasan kwaikwayo na rediyo